Kifin Beta: Wa Zai Iya Zama Da Shi A Ƙaramin Akwatin Gilashi?

Masu iya magana sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk wanda ya taɓa kama rumfa a kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, wadda aka fi sani da PK5, ba sai an fassara masa wannan magana ba, domin ya san mai sayar da atamfa ba ya son maƙwabtaka da mai manja, haka nan mai turare ba ya murna idan aka ajiye masa mai bandar kifi a ƙofar shago. Kowannensu sana'arsa halal ce, sai dai zamansu wuri ɗaya ɓarna yake kawowa. To, irin wannan lissafi ne ake yi wa wani ɗan kifin ado mai suna beta, wanda masu jin Faransanci ke kira combattant, wato mayaƙi.

Fataken da ke zirga-zirga zuwa Duwala ko Legas ko Dubai sun saba ganin wannan kifi a shagunan kayan ƙawa, kowane ɗaya a cikin kwalbarsa, wani ja, wani shuɗi, wani fari fat, yana jan jela kamar mai babbar riga. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ba ya cin wuri, ba ya cin abinci da yawa, shi ya sa yake shiga ran mai son ƙawata falo ko shago ko ofis, kuma yake jan hankalin ɗan kasuwar da ke neman sabuwar haja. Amma da zarar mai saye ya kalle shi, tambayar da zai fara yi ita ce: “Alhaji, shi kaɗai zai zauna? Ba za a ƙara masa 'yan'uwa ba?” Amsar da mai shago ya bayar a daidai wannan lokaci ita ce za ta sa kifin ya rayu shekara biyu zuwa huɗu, ko kuma ya mutu kafin mako ya zagayo, mai saye ya dawo da fushi yana cewa an sayar masa da marar lafiya.

Asalin kifin da halinsa

Beta ɗan ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, inda kakanninsa ke rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi masu yawan ciyawa. Mutanen ƙasar suna kiransa pla kat, wato kifi mai cizo. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Science Advances a shekarar 2022 ya nuna cewa an shafe aƙalla shekara 1,000 ana kiwonsa a gida. An daɗe ana zaɓen mazajen da suka fi zafi ana haɗa su faɗa ana caca a kansu, kamar yadda wasu ke yi da zakaru, har ta kai a ƙarni na 19 Sarkin Siyam yana samun kuɗin shiga daga lasisin wannan wasa. A shekarar 1910 wani masanin kifaye na Ingila mai suna Charles Tate Regan ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens, sannan a watan Fabrairun 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa.

Abin da wannan tarihi ke gaya wa mai karatu shi ne, faɗa a jinin kifin yake. Namijin beta yakan kama wuri ya ce nasa ne, ya tara kumfa a saman ruwa ya yi sheƙa, inda yake ajiye ƙwai bayan barbara, kuma shi ne ke gadinsu har su ƙyanƙyashe. Duk wanda ya matso, sai ya buɗe marfin kumatunsa, ya baje fuka-fukai da jela, idan baƙon bai ja da baya ba sai cizo. A fadama wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya shige ciyawa, magana ta ƙare. A cikin akwatin gilashi kuwa babu wurin gudu.

Har ila yau, kiwon ado ya ɗora masa wani nauyi. Doguwar jelar nan da ke burge mutane ita ce ke hana shi saurin iyo, kuma ita ce ke jawo masa kifaye masu son tsinkar jelar wani. Ke nan beta azzalumi ne a wurin wasu kifaye, abin zalunta ne a wurin wasu, kuma dole mai zaɓar masa maƙwabci ya duba ɓangarorin biyu.

Wani abin lura shi ne, yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Mu da muka san tarwada ba za mu yi mamaki ba, domin ita ma tana da irin wannan baiwa, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin daro a kasuwa bayan karfasa ta daɗe da mutuwa. Wannan baiwa ce ta sa ake iya ajiye beta a kwalba na ɗan lokaci, kuma ita ce ke ruɗar mutane su ɗauka cewa sauran kifayen ma za su jure abin da yake jurewa.

A fara auna ruwa kafin a ƙirga kifi

Kafin a yi maganar wane kifi za a ƙara, sai a san lita nawa akwatin ke ci. Lissafin mai sauƙi ne ga ɗan kasuwa: a auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, sannan a raba da 1,000. Akwati mai tsawon santimita 40, faɗi 25, zurfi 20, yana cin lita 20, wato jarka ɗaya cur irin ta man gyaɗa. Mai 50 da 30 da 30 yana cin lita 45, mai 60 da 30 da 30 kuma lita 54. Sai a tuna cewa yashi da duwatsu da sararin da ake bari a sama za su rage wani abu daga ciki.

Ƙa'idar da masu kiwon kifin ado suka fi bi ita ce, lita 20 na beta ne shi kaɗai, in an matsa a ƙara masa dodon koɗi ɗaya. Daga lita 40 zuwa 45 ana iya ƙara garke ɗaya na ƙananan kifaye masu sanyin hali. Sai an kai lita 54 zuwa sama ne ake samun sararin zaɓe sosai. Kwalbar zuma da gilashin nan mai kama da tulu da ake sayarwa don ado kuwa, ko beta ɗin ma ba gidan zamansa ba ne, balle a yi masa baƙo. Kuma akwati mai tsawo ya fi mai zurfi, saboda faɗin saman ruwa shi ne ƙofar shigar iska.

Dalilin wannan tsauri shi ne ƙazanta. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, wanda guba ne ga kifi ko da kaɗan ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson matatar ruwa da cikin yashi su ne ke sarrafa wannan guba, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Wanda ya haɗa akwati da safe ya zuba kifi goma da yamma, ya tara guba ne ba tare da mai kwashewa ba. Ruwan zai kasance garau a ido, kifayen kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda ba a haɗa shi da su

Na farko shi ne ɗan'uwansa namiji. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ko a kwalabe daban-daban suke a kan kanta, ana sa kwali a tsakaninsu don kada su wuni suna hararar juna har su galabaita. Mace ma ba a barin ta da namiji sai lokacin barbara, kuma da ta gama zuba ƙwai ake cire ta. A nan akwai wani tarko da mai saro kaya ya kamata ya sani: akwai nau'in namiji mai gajeriyar jela da ake kira plakat, wanda baƙon ido zai ɗauka mace ce. Macen da ta balaga galibi tana da wani ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin cikinta, shi ake dubawa. Tara mata zalla kuma, wanda wasu ke yi, yana buƙatar biyar ko fiye a akwati mai lita 75 zuwa sama, kuma duk da haka yakan watse, don haka ba aikin sabon shiga ba ne.

Na biyu su ne masu kama da shi. Namijin gupi, ɗan kifin nan mai faffaɗar jela mai launi-launi, beta yakan ɗauke shi kishiya ya bi shi da cizo. Haka kifayen gurami, waɗanda danginsa ne kuma su ma saman ruwa suke so.

Na uku su ne masu tsinkar jela, kuma shugabansu shi ne wani kifi mai ratsi huɗu baƙaƙe da masu jin Faransanci ke kira barbus de Sumatra. Yana da kyau, yana da araha, amma cikin kwana kaɗan zai mayar da jelar beta tsumma, kuma inda aka tsinka nan ciwo ke shiga.

Na huɗu shi ne jan kifin nan na zinare, wato poisson rouge, wanda shi ne mafi yawan mutane suka sani, kuma shi za su fara nema a haɗa musu. Shi kifin ruwa mai sanyi ne, ya fi jin daɗi a wajen digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Selshiyas, alhali beta na son 24 zuwa 28. Bugu da ƙari yana girma ya haura santimita 15, ga ci, ga yawan kashi. Ƙaramin akwati ba wurinsa ba ne ko da shi kaɗai.

Waɗanda za a iya gwadawa

Maƙwabcin da ake nema shi ne ƙarami, marar ƙyalƙyali da yawa, mai gajeriyar jela, marar cizo, mai son ɗumin ruwa irin na beta, kuma wanda ya fi zama a tsakiya ko ƙasan ruwa, ya bar wa maigida samansa.

Dodon koɗin da ake kira nerit shi ne mafi sauƙi. Yana lashe gansakukar jikin gilashi, yana da sulken da beta ba ya iya fasawa, kuma 'ya'yansa ba sa rayuwa a ruwan daɗi, don haka ba zai cika akwatin da zuriya ba. Amma a yi hattara da ɗebo dodon koɗi daga rafi ko kududdufi, domin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwayenmu su ne ke ɗauke da tsutsar cutar tsargiya, wato fitsarin jini, kuma ta fata take shiga jikin mutum. Araha ba ta ado.

A akwati mai lita 40 zuwa 45, ana iya sa guda takwas na wani ɗan kifi mai ruwan garwashi daga yankin kogin Araguaia na ƙasar Barazil, wanda ake kira tetra amande, tsawonsa santimita 2 kacal. Ko kuma a sa guda shida zuwa takwas na ƙananan koridoras, su ma daga Kudancin Amurka, waɗanda dangin tarwada da kurungu ne na nesa, masu ɗan gashin baki da suke tonon ƙasa da shi. Su waɗannan a shimfiɗa musu yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi na cinye musu gashin baki, kuma ba sa son ruwa ya zarce digiri 26 na dogon lokaci. Ɗaya daga cikin garken biyu za a zaɓa, ba duka ba.

Daga lita 54 zuwa sama, akwai rasbora mai baƙin tambari mai kusurwa uku a gefen jiki, ɗan yankin Maleshiya da kudancin Tailan da tsibirin Sumatra, mai tsawon santimita 4 zuwa 5, wanda shi ma a garken takwas yake sakewa. Akwai kuma kuli, wani siriri mai kama da ɗan maciji, mai wuni a ɓoye ya fito kiwo da dare, wanda da wuya ma su haɗu da beta.

Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan a garke ake sa su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi ɗaya daga wannan, biyu daga wancan, don a sami launi iri-iri kamar ana haɗa kayan lefe. Kifin garke idan ya rasa 'yan'uwa yakan tsorata ya daina ci, ko kuma ya koma tsokanar jelar beta. Jatan lande ƙanana jajaye kuwa, sau da yawa beta abinci yake ɗaukar su, sai dai a ce an saya masa nama mai tsada.

To, kifayen gida fa?

Wani zai ce, ga kogin Ubangi a bakin gari, ga Zongo a tsallake, me zai kai mu Barazil? Tambaya ce mai ma'ana, domin kogunan yankin Kwango da na kudancin Nijeriya suna daga cikin wuraren da ake fitar da kifin ado zuwa Turai da Amurka da Asiya, ta Kinshasa da Legas. Sai dai yawancin waɗanda suka yi suna ba su dace da ƙaramin akwati ba. Tetran Kwango mai sheƙi yana kai santimita 8, yana da gudu, kuma garkensa na buƙatar akwati mai tsawon kusan mita ɗaya. Ɗan kurungun nan mai iyo a rigingine yana kai santimita 9 zuwa 10, shi ma a garke yake zama. Kifin malam-buɗe-littafi, mai suna Pantodon a kimiyyance, saman ruwa yake tsarewa kamar beta, kuma yana haɗiye duk ƙaramin kifin da ya shiga bakinsa. Akwai ma dangin beta na Afirka da ake kira Ctenopoma, masu shaƙar iska kamarsa, amma mai dabbare-dabbaren damisa daga cikinsu mafarauci ne da ke kai santimita 15. 'Ya'yan karfasa da na tarwada da yara kan kamo kuwa, yau ƙanana ne, nan da wata kaɗan su ne za su cinye mai gidan.

Biyu ne suka cancanci a duba. Akwai wani ɗan kifi mai suna Poropanchax normani, mai tsawon santimita 4, wanda saman idonsa ke ƙyalli kamar fitila, kuma ana samunsa a ƙoramu daga Senegal har zuwa Nijeriya da Kamaru da Cadi. Yana da sanyin hali, garke yake so, amma da yake yana yawan hawa sama, sai a akwati mai lita 54 ko fiye. Sai kuma ɗan kwaɗon ruwa mai suna Hymenochirus, ɗan dazuzzukan Kamaru da Gabon da yankin Kwango, wanda bai wuce santimita 4 ba, kuma a ƙasashen waje yana cikin waɗanda aka fi haɗawa da beta. Matsalarsa ita ce ba ya gani sosai, kafin ya lalubo abinci beta ya cinye, don haka sai an riƙa kai masa har gabansa. A kuma duba ƙafafunsa na gaba: na gaskiyar yana da fata tsakanin yatsu, wanda ba shi da ita wani kwaɗo ne daban mai girma ya haura santimita 10 yana cin kifi. Sannan a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ruwansa, domin tsakanin 2009 da 2011 hukumomin lafiya na Amurka sun danganta ciwon gudawa na ƙwayar salmonela da ya kama mutum fiye da 200, yawancinsu yara, da irin wannan kwaɗo. Duk abin da aka kamo daga rafi kuma a keɓe shi wata guda kafin ya shiga akwati.

Wuta da zafi da ruwan famfo

Littattafan kiwon kifi galibi an rubuta su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. A Bangi, inda yawancin lantarki ke zuwa daga madatsun ruwa na Boali mai nisan kimanin kilomita 100, ɗaukewar wuta abu ne da kowa ya saba da shi, haka ma a yawancin garuruwan kan iyaka. Idan wuta ta tafi, matatar ruwa da famfon iska sun tsaya. Beta zai hau sama ya shaƙi iskarsa hankali kwance, amma tetra da rasbora sun dogara ne kacokan da iskar da ke narke cikin ruwa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A shago mai rufin kwano cikin zafin Fabrairu da Maris, akwatin da aka cika da kifi zai iya zama maƙabarta kafin a dawo daga sallar la'asar.

Saboda haka duk adadin da aka faɗa a sama, wanda ba shi da tsayayyar wuta ya tsaya a kan mafi ƙaranci, ko ya haƙura da beta da dodon koɗi. Wanda ya nace sai garke, to ya tanadi ɗan famfon iska mai aiki da batir ko da abin cajin waya, ko ya jona shi da sola. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a dakatar da ba da abinci, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zuba shi daga sama don iska ta shiga.

Ta fuskar ɗumi, yanayin Bangi ya yi wa beta daidai a mafi yawan shekara, sai dai a kula da dararen Disamba da Janairu. A garuruwan tudu irin su Bouar da Garwa-Bulai, masu tsayin kusan mita 1,000 daga teku, sanyin dare kan sauko ƙasa da abin da kifin ke so, don haka a nisanta akwatin daga taga, a lulluɓe shi da bargo da dare, ko a sa masa na'urar ɗumama ruwa. Rana ma kada ta riƙa dukan gilashin kai tsaye.

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin mai kashe kifi, don haka a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin da ake sayarwa don haka. Ruwan da aka zuba wa jabel, da bokitin da aka yi wanki da shi, kada su kusanci akwatin. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi, a rufe akwatin ruf kafin a fesa, ko a fitar da shi daga ɗakin. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kada a zubar da shi duka, kuma soson matata a ɗauraye shi da tsohon ruwan akwatin don kada a kashe bakteriyar da ke aiki. Busasshen ganyen bishiyar badamiye, wadda ta cika titunan Duwala da Legas, masu kiwo a Tailan sun daɗe suna jefa shi a ruwan beta. Yakan rina ruwan kamar shayi marar kauri, kuma kifin na sakewa a cikinsa.

Ranar haɗuwa

A fara cika akwatin da tsirrai da 'yan maɓoya, irin su ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar ko ɓawon kwakwa, yadda kifi zai iya ɓacewa daga idon ɗan'uwansa. Maƙwabta ake fara sawa, su yi mako ɗaya ko biyu, sannan a kawo beta daga ƙarshe, domin idan shi ya riga kowa shiga zai ɗauki ko'ina nasa ne. A ɗora ledar da aka kawo shi a ciki a kan ruwan minti 15 zuwa 20 don ɗumin ya daidaita. A sa murfi, saboda beta na tsalle, amma a bar sarari tsakanin murfin da ruwa don ya sami iska.

Daga nan sai sa ido na kwana uku. Ɗan buɗe kumatu da kora ta lokaci guda ba komai ba ne. Amma idan aka ga yana bin kifi ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko jelarsa ta fara yagewa, ko launinsa ya koɗe, ko wani ya maƙale a lungu ya ƙi cin abinci, to a raba su nan take. Shi ya sa ake tanadar wani mazubi a gefe tun kafin a fara. Halin beta kamar na mutane ne, wani mai haƙuri, wani ko dodon koɗi ba ya ƙyalewa, kuma ba mai sayarwar da zai iya rantsewa a kan halin wanda ke hannunsa.

Ga mai son ya mayar da shi haja

Kifi kaya ne mai rai, ba ya jiran layin kwastan. Hanyar Duwala zuwa Bangi ta Garwa-Bulai da Beloko ta kai kimanin kilomita 1,400, kuma babbar mota kan kwashe kwanaki a kanta. Fatake ba su manta da ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da 'yan tawaye suka datse hanyar, manyan motoci fiye da 1,000 suka yi makonni jibge a kan iyaka. Don haka irin wannan kaya na jirgin sama ne ko na ƙaramar mota mai sauri, kowane namiji a ledarsa, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, cikin kwalin da ke tare zafi da haske, kuma a hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada su ɓata ruwan. A nemi takardar likitan dabbobi tun daga inda aka saro. Da an iso, a keɓe sababbin zuwa mako biyu zuwa huɗu kafin a sayar, domin cutar farin ɗigo da ke fitowa a jikin kifi kamar barbaɗin gishiri tana iya gama shago cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya gaji da kifinsa kuma kada ya zuba shi a kwata ko a kogi. An riga an sami beta ya kafa zuriya a fadamun kogin Adelaide na arewacin Ostireliya, kuma kowa ya ji irin ɓarnar da giwan ruwa ya yi wa ƙananan kifayen tafkin Biktoriya bayan an zuba shi a can a shekarun 1950. A ba wani mai so, ko a mayar wa mai shago.

Daga ƙarshe, ribar wannan sana'a ba a yawan kifin da aka tura wa mutum rana ɗaya take ba. Wanda aka sayar wa kifi goma suka mutu, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa mutum goma. Wanda aka gaya wa gaskiya kifinsa ya rayu, shi ne zai riƙa zuwa sayen abinci da magani, wata rana ya sayi babban akwati, ya kuma kawo abokinsa. Saboda haka idan mai saye ya nuna akwati mai cin jarka ɗaya ya ce a ƙara masa 'yan'uwa, sai mai shago ya ce masa: “Malam, wannan gidan na mutum ɗaya ne. Ka je da shi haka, in ka sami babban akwati ka dawo mu zaɓa masa maƙwabta.” Kifin ba ya kewar kowa, kuma tunda mu muka tsare shi a gilashi, haƙƙinsa na wuyanmu.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai fatakenmu gida lafiya.